Guguwar bore da yajin aiki a duniya: ina gurbin manomin Kano da Jigawa?

Duk wanda yake kasa kunne ga rediyo kafin ya fita gona, ko yake bin labarai ta waya a majalisa bayan la'asar, ya lura cewa tun daga shekarar 2018 ba a rufe shekara guda ba tare da an ji wata ƙasa da jama'arta suka cika tituna, ko ma'aikatanta suka ajiye aiki ba. A Nuwamba 2018 mutanen ƙananan garuruwan Faransa suka fito da riguna masu ruwan ɗorawa saboda ƙarin harajin mai. Bayan wata guda mutanen Atbara a Sudan suka fito, domin burodin da suke saye fam 1 ya koma fam 3. A Oktoba 2019 kaɗai an ga Ekwado kan janye tallafin mai, da Chile kan ƙarin peso 30 a kuɗin jirgin ƙasa na birnin Santiyago, da Labanan kan harajin da aka so ɗora wa kiran WhatsApp. Annobar korona ta ɗan lafar da ƙurar, amma tana wucewa abin ya dawo da ƙarfinsa. Sri Lanka ta tashi a 2022, ma'aikatan jirgin ƙasa da na jinya a Ingila suka shiga yajin aiki a wannan shekarar, ma'aikatan Faransa suka yi watanni suna fafatawa a 2023 kan mayar da shekarun ritaya daga 62 zuwa 64, ma'aikatan masana'antun motoci a Amurka suka tsayar da aiki a Satumba 2023, sannan Kenya da Bangaladash da mu kanmu muka biyo baya a 2024.

Kafofin labarai sun saba kawo kowanne daga cikin waɗannan a matsayin rikicin cikin gidan ƙasarsa, wannan saboda mugun shugaba, wancan saboda cin hanci. Masu ra'ayin gurguzu ba haka suke karanta al'amarin ba, kuma ni da idonsu nake kallo. Tambayar da suke fara yi a kan kowace al'umma ita ce: wa ya yi aikin, wa ya kwashe amfaninsa, kuma idan asara ta zo, a kan wa ake sauke ta? Idan aka yi wa ƙasashen nan wannan tambaya, sai a tarar amsar kusan iri ɗaya ce, ko da harsunansu da addinansu da salon mulkinsu sun sha bamban.

Tushen abin bashi ne, da rigimar wanda zai biya shi. Bayan durƙushewar manyan bankuna a 2008, gwamnatocin Turai da Amurka sun ceto bankunan da kuɗin jama'a, suka kuma zubar da kuɗin ruwa ƙasa warwas, har masu jari suka rasa inda za su kai dukiyarsu ta haihu sai ƙasashe irin namu. Gwamnatocinmu suka yi ta ciyo bashin dala. Sai korona ta zo ta tsayar da kasuwanci, sai yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a Fabrairu 2022 ya tayar da farashin alkama da iskar gas da takin zamani, har ma'aunin farashin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kai matsayin da bai taɓa kaiwa ba a watan Maris na wannan shekarar. A daidai lokacin ne babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa, daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5 cikin 100 a Yuli 2023. Dala ta yi tsada, bashin da aka ci da ita ya kumbura. Zambiya ta gaza biya a 2020, Sri Lanka da Ghana a 2022, Habasha a ƙarshen 2023. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya nuna cewa mutum biliyan 3.3 suna zaune a ƙasashen da abin da gwamnati take biya na kuɗin ruwa ya fi abin da take kashewa a kan ilimi ko lafiya, kuma Bankin Duniya da kansa ya ce a 2022 biyan bashi ya laƙume kusan kashi 96 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayyar Najeriya.

Gwamnatin da ta tsinci kanta a wannan hali tana da zaɓi. Tana iya ɗora haraji a kan manyan dukiyoyi da ribar bankuna da kamfanonin mai, tana iya tsayawa ta ce wa masu bin bashi sai an sake lissafi, tana kuma iya juyowa kan talaka. Shawarar da Asusun Ba da Lamuni na Duniya yake bayarwa tun shekarun 1980 ba ta sauya zani ba: a janye tallafi, a karya darajar kuɗi, a ƙara harajin kayan masarufi, a sayar da kadarorin gwamnati, a tsuke bakin aljihu. Masu mulki suna karɓar shawarar ba don an ɗaure musu hannu kaɗai ba, sai don ita ce hanyar da ba ta taɓa aljihunsu da na abokan cin mushensu. Mun ga haka a ranar 29 ga Mayu 2023, lokacin da Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai a jawabin rantsuwarsa, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashin abinci kuma ta zarce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar shekarar.

Ana yawan cewa tallafin nan ɓarayi ne suke cinye shi, kuma akwai gaskiya a ciki, domin binciken majalisar wakilai na 2012 ya bankaɗo kamfanonin da suka karɓi kuɗi kan man da ba su shigo da shi ba. Amma wanda ya saci kuɗin yana birni a gidansa, wanda aka hukunta kuwa shi ne mai noman rani a Kadawa ko a fadamar Haɗeja, wanda injin ban-ruwansa ba ya tashi sai da fetur, wanda takinsa da maganin feshinsa suke bin dala, wanda buhunsa ba ya isa Dawanau ko Gujungu ko Maigatari sai ya biya kuɗin mota ninki biyu ko uku. Abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Oktoba 2024, inda tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru suna kwasa, wuta ta tashi ta hallaka fiye da mutum 150, bai kamata a rufe shi da kalmar ganganci kawai ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mutum ba ya ɗaukar bokiti cikin dare ya nufi man da ke malala sai an kai shi matsayin da litar mai ta zama dukiya.

Wannan shi ya sa bore yake zuwa guguwa-guguwa, ba ɗaiɗai ba. Kasuwar jari-hujja ɗaya ce a duniya, idan ta girgiza sai matsin ya sauka a ƙasashe da yawa a lokaci guda, kuma idan wasu suka ga maƙwabtansu sun tashi ba su mutu duka ba, tsoro yakan ragu. An ga irin haka bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da ma'aikatan Najeriya, musamman na jirgin ƙasa ƙarƙashin jagorancin Michael Imoudu, suka yi yajin aikin gama-gari na kwana 44 a 1945 kan tsadar rayuwa, ma'aikatan layin dogo na Dakar zuwa Bamako suka yi nasu daga 1947 zuwa 1948, aka kuma harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu a Nuwamba 1949. Waɗannan ne suka sassauta ƙafafun mulkin mallaka tun kafin 'yan siyasa su zauna taron tsarin mulki a Landan. An sake ganin wata guguwar a zamanin tsuke bakin aljihu na farko, daga boren burodi na Masar a 1977 har zuwa zanga-zangar adawa da shirin sauya fasalin tattalin arziki na SAP a Najeriya da boren Karakas, babban birnin Benezuwela, a 1989. Rosa Luxemburg, marubuciya mai ra'ayin gurguzu wadda ta nazarci boren Rasha na 1905, ta lura cewa a irin wannan lokaci neman ƙarin albashi da neman sauyin mulki suna ciyar da juna, kuma babu wani kwamiti da zai iya kiran irin wannan tashin da takarda ko ya dakatar da shi da takarda. Mutanen Chile sun faɗi haka da bakinsu a 2019, da suka ce ba peso 30 ne ya fito da su ba, shekara 30 ce.

Sai dai duk mai ƙaunar talaka dole ya fuskanci tambaya mai ɗaci: me ya sa yawancin waɗannan bore suka ƙare ba tare da rayuwar masu yin su ta gyaru ba? A Masar an kayar da Mubarak a Fabrairu 2011, zuwa 2013 soja ya dawo da mulkin da ya fi na da tsanani. A Sri Lanka jama'a sun mamaye fadar shugaban ƙasa ranar 9 ga Yuli 2022, Shugaba Gotabaya Rajapaksa ya tsere, amma majalisar da jam'iyyarsa take da rinjaye a ciki ta ɗora Ranil Wickremesinghe, wanda ya tarwatsa sansanin masu boren ya kuma sa hannu kan yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni. Ko da aka zaɓi ɗan gurguzu Anura Kumara Dissanayake a 2024, ya ci gaba da wannan yarjejeniyar. A Chile masu zaɓe sun yi watsi da sabon kundin tsarin mulkin da boren ya haifar a Satumba 2022. A Kenya matasa sun kutsa majalisa ranar 25 ga Yuni 2024, Shugaba Ruto ya janye ƙudurin ƙarin harajin da ya fito da su, amma bashin yana nan kuma masu bin sa suna nan.

Sudan ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin mutanenta sun yi abin da ya fi na kowa, kuma sun biya abin da ya fi na kowa. Atbara, inda wutar ta fara, tsohon garin ma'aikatan jirgin ƙasa ne mai tarihin ƙungiyar ƙwadago. Ƙungiyar likitoci da malamai da injiniyoyi ta ba boren jagoranci, kwamitocin unguwanni suka ba shi ƙafafu, har aka tumɓuke Umar al-Bashir ranar 11 ga Afrilu 2019. Da janar-janar suka ƙi sakin mulki aka yi yajin aikin gama-gari a ƙarshen Mayu, suka mayar da martani da kisan gillar ranar 3 ga Yuni a gaban hedikwatar soja, inda likitoci suka ƙirga gawa fiye da 100. Duk da haka jama'a suka sake fitowa a ƙarshen watan. Inda aka karkace shi ne yarjejeniyar raba mulki da soja a Agusta 2019, wadda ta bar bindiga da kamfanonin soja da ma'adinan zinare a hannun mutanen da suka yi kisan, ta kuma bar gwamnatin farar hula da aikin janye tallafin mai da na burodi, wato ainihin abin da ya fito da jama'a tun farko. Shugaban sojoji Janar Burhan ya yi juyin mulki a Oktoba 2021, a Afrilu 2023 kuma shi da mataimakinsa Hemedti suka juya wa juna bindiga suka ruguza ƙasar. Abin lura shi ne kwamitocin unguwannin nan su ne har yanzu suke dafa abinci a tukunyar haɗin gwiwa suna ciyar da waɗanda yaƙi ya ritsa da su, alhali manyan 'yan siyasar da suka sa hannu a yarjejeniyar da yawansu suna ƙasashen waje.

Darasin da masu ra'ayin gurguzu suke ɗauka daga nan shi ne zanga-zanga da yajin aiki ba abu ɗaya ba ne. Zanga-zanga tana nuna fushi, mai mulki kuma yana iya jure ganin fushi muddin mai yana gudana, jiragen ruwa suna sauke kaya, bankuna suna buɗe. Yajin aiki yana tsayar da ribar ne, kuma a nan ne kunnen mai jari yake. Shugaban Tunisiya Ben Ali bai bar Tunis ba sai da rassan ƙungiyar ƙwadago ta UGTT suka kira yajin aiki a Sfax da babban birnin, Mubarak ma bai sauka ba sai da ma'aikatan masaƙu da na sufuri da na kamfanonin mashigin Suwez suka tsayar da aiki a kwanakinsa na ƙarshe. Taron da Facebook da TikTok suke haɗawa cikin kwana biyu kamar wutar kara yake, ya tashi sama da ƙarfi ya haska ko'ina, amma ba ya daɗewa a ƙarƙashin tukunya. Idan taro ya girgiza kujera ba shi da tsarin da zai karɓe ta, wanda yake da tsari shi yake hayewa, kuma a ƙasashenmu masu tsari su ne soja da tsofaffin jam'iyyu. Shi ya sa raina ya ɓaci da na ga yaranmu a Kano suna ɗaga tutar Rasha suna kiran soja a Agusta 2024. Yunwarsu gaskiya ce, fushinsu halal ne, amma babu wanda ya zaunar da su ya gaya musu cewa soja ne ya kawo mana SAP a 1986. Ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a kwanaki goma na wannan zanga-zangar tsadar rayuwa, a watan Nuwamba kuma duniya ta ga ƙananan yara da aka kwaso daga Kano da Kaduna suna faɗuwa saboda galabaita a gaban kotun tarayya a Abuja, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Sun fita ba su da jagora, aka kama su ba su da ƙungiyar da za ta tsaya musu tun daga ranar farko.

To ina ƙungiyoyin ƙwadago? Suna da ƙarfin da babu wanda yake da shi, kuma an gani. A Janairu 2012, da aka mayar da litar mai daga naira 65 zuwa 141, yajin aikin da aka fara ranar 9 ga watan ya tsayar da ƙasar cak, a Kano har Kiristoci suka yi wa Musulmi gadi suna salla a dandalin zanga-zanga. Amma bayan mako guda shugabannin ƙwadago suka janye a kan naira 97, ba tare da an rufe rijiyoyin mai ba ko na yini ɗaya. A ranar 3 ga Yuni 2024 sun kashe wutar lantarkin ƙasa baki ɗaya suka rufe filayen jiragen sama, washegari suka dakatar, daga bisani aka daidaita a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuɗin da da ƙyar yake sayen buhun shinkafa ɗaya a lokacin. Laifin shugabannin a fili yake, sai dai akwai abin da ya fi shi zurfi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba su da albashin da wata doka take karewa. Masaƙun Sharaɗa da Bompai da Challawa, waɗanda a da suke tara dubban ma'aikata a ƙarƙashin rufi ɗaya, yawancinsu sun mutu. Ƙungiyar da take magana da yawun ma'aikacin gwamnati kaɗai ba za ta iya ɗaukar nauyin ƙasar da yawancin talakawanta suke riƙe da fartanya ba, kuma mai fartanya bai ga abin da yajin aikin albashi zai ƙara masa ba.

A nan ne labarin Indiya ya shafe mu kai tsaye, kuma ina ganin babu wani bore a wannan zamani da ya kamata a karanta wa manoman Kura da Auyo da Ringim kamarsa. A Satumba 2020 gwamnatin Narendra Modi ta zartar da dokoki uku waɗanda suka buɗe wa manyan kamfanoni ƙofar sayen amfanin gona a wajen kasuwannin da hukuma take kula da su, da ƙulla kwangila da manoma tun kafin shuka, da tara hatsi ba tare da iyaka ba. Manoma suka gane cewa ƙarshen abin shi ne mutuwar farashin da gwamnati take ba da tabbacin sayen alkama da shinkafa a kansa. Ranar 26 ga Nuwamba 2020, wadda ta zo daidai da yajin aikin gama-gari na ƙungiyoyin ƙwadagon ƙasar, manoman jihohin Punjab da Haryana da yammacin Uttar Pradesh suka nufi babban birnin ƙasar, Delhi, da taraktoci. Da aka tare su da feshin ruwa da barkonon tsohuwa da ramukan da aka haƙa a kan titi, sai suka zauna a manyan hanyoyin shiga birnin, a Singhu da Tikri da Ghazipur, kuma ba su tashi ba sai bayan shekara guda.

Yadda suka iya zaman shi ne abin koyo. Sun zo da hatsi da itace na watanni. Kowane ƙauye ya tsara karɓa-karɓa, wasu suna sansani wasu suna gida suna kula da gonakin waɗanda suka tafi, bayan kwanaki a yi musanya. An kafa wuraren dafa abinci kyauta da ɗakunan shan magani da na karatu, suka kuma buga jaridarsu domin kada wasu su riƙa faɗin labarinsu a madadinsu. Ƙungiyoyi fiye da 40, waɗanda ra'ayinsu ya sha bamban, suka haɗu a inuwa ɗaya da buƙata ɗaya da kowa zai iya faɗa cikin jimla guda: a soke dokokin. An kira su 'yan aware, an yanke musu intanet, sanyi da zafi da korona suka ci rayuka, ƙungiyoyin suka ce sun rasa fiye da mutum 700, amma ba su watse ba, kuma ba su bari an ja su zuwa fasa shaguna ba. Ranar 19 ga Nuwamba 2021 Modi, wanda ba a san shi da ja da baya ba, ya sanar da soke dokokin. Ba a samu komai da komai ba, domin har yanzu tabbacin farashin bai zama doka ba, amma an kayar da gwamnati mai ƙarfi a kan magana ta tattalin arziki. Wannan kuwa ba a daren ɗaya aka gina shi ba, domin wasu daga cikin ƙungiyoyin manoman Indiya sun samo asali tun 1936. Haka a Ekwado a 2019, ƙungiyar 'yan asalin ƙasar, waɗanda yawancinsu manoman kan tsaunuka ne, ita ta rufe hanyoyi har shugaban ƙasa ya kwashe gwamnatinsa daga babban birnin Kito, ya kuma mayar da tallafin man cikin mako biyu.

Manominmu ba shi da abin da na Punjab yake karewa. Hukumomin sayen gyaɗa da auduga na zamanin Turawa sun riƙa biyansa ƙasa da farashin duniya suna gina birane da rarar, da aka soke su a 1986 kuma ba a maye gurbinsu da komai ba sai dillali da ɗan ba-da-kaka. Yana cin bashi da bazara don taki, ya sayar da kaka lokacin da kowa yake sayarwa, ya dawo ya sayi hatsin da tsada a watan da rumbu ya ƙare. Riɗi da zoɓon Jigawa suna fita ƙasashen waje a sayar da dala, amma matan da suke tsince zoɓon da hannu ladansu na yini bai san da dalar ba. Da yunwa ta tayar da birane a 2024, gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, farashin hatsi ya faɗi a shekarar da ta biyo baya, alhali taki bai sauko ba. Mutumin birni ya ɗan numfasa, manomi ya girbe asara. Haka ake kunna su da juna, a nuna wa ma'aikaci cewa manomi ne yake tsauwala masa, a nuna wa manomi cewa saukin ma'aikaci shi ne karayarsa, wanda yake da sito da jari a tsakiya kuma ya ci riba ta kowace fuska. Buƙatar da za ta haɗa su ba ɓoyayya ba ce: tabbataccen farashi ga mai noma da kaka, rumbunan gwamnati da za su saya a lokacin su sayar da rangwame da bazara, taki da man ban-ruwa masu sauƙi, a kuma biya kuɗin daga harajin manyan dukiyoyi da rage abin da ake miƙa wa masu bin bashi.

Karfin da karkara take da shi an taɓa ganin ɗan samfurinsa a ƙarshen Fabrairu 2021, lokacin da 'yan kasuwar abinci da dabbobi suka daina kai kaya Kudu na kimanin mako guda bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, farashi ya tashi a Legas nan take. Amma wannan yajin na fatake ne, an gina shi a kan Arewa da Kudu, wanda ya sha wuya kuwa shi ne talakan Legas da mai tumatir a Kadawa wanda kayansa suka ruɓe. Makami ne na gaske da aka auna shi inda bai dace ba. Kuma kada mu yaudari kanmu cewa ƙauye tsintsiya ɗaya ce. Akwai mai kadada ɗari da tarakta, akwai wanda ya jinginar da gonarsa yana ƙwadago a cikinta, akwai matan dashen shinkafa, akwai makiyayin da aka cinye masa burtali. Ƙungiyoyin manoman da muke da su yawanci an kafa su ne don karɓar rabon taki da bashin gwamnati, manya ne a kansu, kuma wanda yake jiran rabo ba ya ɗaga murya. Ƙungiyar da ba ta sa ladan ɗan ƙwadago da haƙƙin makiyayi cikin buƙatunta ba, za a raba ta gida biyu a rana ɗaya.

Wasu za su ce wannan baƙon tunani ne, ko ma su ce ya saɓa wa addini. Ƙasar nan da muke taka ba ta yarda da haka ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa jangali da ƙwace dukiyar talakawa cikin zaluncin da ya yi wa'azi a kansa. NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 kuma Malam Aminu Kano ya zo ya jagoranta, ta bayyana a sanarwarta ta Sawaba cewa akwai gwagwarmaya tsakanin masu riƙe da mulkin En'e da talakawa, kuma Malam mai tafsiri ne. Mutanenta a ƙauyuka sun sha bulala da ɗauri a kotunan alƙalai kusan shekara 30 kafin a ga amfanin, lokacin da gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a tsohuwar jihar Kano, wadda Jigawa take cikinta, da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979. Rimi ne kuma ya fara ba da hutun ranar ma'aikata a 1980. A wannan shekarar dai manoman Bakolori suka tare hanyoyin madatsar ruwa kan diyyar gonakinsu, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, gwamnati ta ce kaɗan ne suka mutu, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Sun tsaya su kaɗai, babu ma'aikacin birni da ya ajiye aiki dominsu. Manoman Gagarawa da suka yi ta kokawa a 'yan shekarun baya kan shirin miƙa gonakinsu ga wani kamfani don noman rake, su ma kusan su kaɗai suka yi.

Kayan ginin suna nan a hannunmu: gayya, da adashi, da ƙungiyoyin masu ban-ruwa da suke raba ruwa a kan layin kanal, da 'yan ci-rani da suke da ƙafa ɗaya a ƙauye ɗaya a tashar birni. Abin da ya rage shi ne a mayar da su wurin tattauna farashi da bashi da ladan aiki, da shugabannin da 'yan ƙungiya suka zaɓa kuma suke iya saukewa, da asusun da ba ya jiran ɗan takara. Rassan ƙungiyar ƙwadago a Kano da Dutse, musamman malaman firamare da ma'aikatan lafiya waɗanda suke zaune a cikin ƙauyukan nan kuma da yawansu suna noma, su ne suka fi dacewa su fara zama da manoma, su sa farashin taki da na shanshera a takardar buƙatunsu kusa da albashi. Lokacin wannan zama kuwa shi ne kafin kaka, tun dillalai ba su ajiye ma'auninsu a bakin kasuwa ba.